Sunan da Jikan Evaristo Ya Zo da Shi

El Saucillo, Zacatecas,
20 ga Yuni, 1978

Zuwa ga mijina Evaristo,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ɗanmu Fidel. Yaya aikin gonar tuffa, yaya kuma bayan naka? Ina fata kana shafa man da na cusa maka a jaka, ba ajiye shi ka yi kuna kallon juna ba. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta sauka da wuri, wake ya fara tsiro, saniyarka mai baƙin kunne ta haihu.

Bayan haka, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, ka kuma kira Fidel ya zauna kusa da kai, don ba saniya kaɗai ta haihu ba. Matarsa Ofelia ta sauka, namiji. Ka zama kaka, tsohona. Na san yanzu ka fara lissafi da yatsu, to bar wahalar da kanka, lokaci bai yi ba. Bakwaini ne, amma yana raye, uwarsa ma tana samun ƙarfi.

Ranar Laraba ce, sha huɗu ga wata. Tun safe ake tafka ruwa, kafin tsakar rana rafi ya cika ya batse, ko doki ba ya iya ƙetarawa. Muna kicin ina gasa tortiya, wainar masararmu, Ofelia tana murza min ƙullu, sai na ga ta dafa bango. Ta ce, “Mama, ina jin abin nan fa ya zo.” Na ce wane abu, yarinya, da sauran wata biyu? Ban rufe baki ba faya ta fashe. Ungozoma tana gari, ruwa ya raba mu da ita, don haka na leƙa ta katanga na ƙwala wa maƙwabciyarmu Petra kira, mu biyu muka tsaya a kanta.

Ya fito ɗan mitsitsi, tsawonsa bai kai takalminka ba, jikinsa shuɗi-shuɗi, kuma ko uffan bai ce ba. Na juya shi, na murza masa baya, na hura masa iska a baki, shiru. Petra ta riƙe min hannu ta ce, “Hermelinda, bar shi haka, ki zuba masa ruwa. Yaron nan ba zama ya zo yi ba, kar ya koma ba suna.”

Ka san yadda ake yi, uwarka ce ma ta koya min. In jariri yana bakin tafiya kuma babu Fada, limamin coci, a kusa, duk wanda ke tsaye shi ke zuba masa ruwan baftisma, kuma sunan da ya zo da shi ake ba shi, sunan waliyyin ranar da ya faɗo, don shi ne ya rako shi. Ban manta kai da Fidel kun gama magana cewa in namiji ne Evaristo za a sa masa ba. Amma wannan maganar ta yaron da zai zo a kan lokacinsa ce, da ƙibarsa da kukansa. Wanda ke hannuna a ranar ba shi da lokacin jiran alkawarin kowa.

Na ce wa Petra ta ruga ta duba kalandar kicin mai sunayen waliyyai. Ta je ta dawo da hannu a baki, ta ce, “Wallahi ba za ki so ji ba.” Na ce faɗa min, ko sunan jaki ne. Ta faɗa. Na ɗebo ruwa a kofin da kake shan kofi, na zuba masa a goshi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na kira shi da sunan. Ruwan na taɓa shi ya yamutsa fuska, ya buɗe baki ya yi wani ɗan siririn kuka kamar na kyanwa. Ban ce sanyin ruwa ne ya farkar da shi ba, ban kuma ce waliyyi ne ba. Abin da idona ya gani nake faɗa maka.

A ƙirjina na ɗaure shi cikin mayafi har washegari da ruwa ya janye, Don Cuco ya kwashe mu a motarsa ta ɗaukar masara zuwa Jerez, daga can aka tura mu babban asibiti. Yanzu yana cikin kwalba. Likita ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi wa ya karɓi haihuwar, na ce ni ce, kuma da ƙarfi na faɗa don ma'aikatan su ji. Ina alfahari da hannuwan nan nawa, Evaristo, ba zan ɓoye maka ba.

Saura sunan. Na yi ta kewaye-kewaye, to ga shi. Sunan jikanka Eliseo.

Na rubuta, alƙalamin kuma bai karye ba. Na san sunan wanka ne, yayanka na jini. Na san ka rantse bakinka ba zai ƙara furta shi ba tun shekarar farin nan da ya datse mana hanyar ruwa daga sama, barkononmu ya bushe a tsaye, kai kuma ka ɗauki jaka ka fara zuwa Amurka neman abin da za mu ci. Shekara ashirin ke nan mutumin kan tudu kake ce masa, mu ma muna bin bayanka. Ba ni na zaɓa ba, yaron ne ya zo da abinsa.

Ka gaishe min da Fidel, ka ce masa ɗansa yana da hancinsa. Allah ya tsare min ku.

Taka har kullum,
Hermelinda


El Saucillo,
16 ga Yuli, 1978

Tsohona,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kuma zafin da ke kanka ya ɗan sauka. Yaya Fidel? Na ji daɗin takardarsa, Ofelia ta karanta har ta kusa yagewa. Taka ma ta iso. Layi huɗu ce cur, kuma a cikin layi huɗun ba ka tambayi ko yaron yana numfashi ba. Bari in ba ka amsar tambayar da ba ka yi ba: yana numfashi, ya fara kama nono, ya kuma yi wa wata ma'aikaciya fitsari a riga. Duk ɗakin jarirai an san shi. Da na shiga sai su ce ga kakar Eliseo ta zo, ni kuwa in gyara mayafi in shige kamar matar gwamna.

Ka ce in cire wannan suna daga gidanka. Don kar ka ce ban ji maganarka ba, na sa takalmina na je wurin Fada Anselmo na tambaye shi ko ana iya canzawa. Na same shi a bayan coci yana ba wa tumatirinsa ruwa. Ya ce, “Kin zuba ruwan?” Na ce na zuba. “Kin faɗi kalmomin duka?” Na ce ko ɗaya ban tsallake ba. Ya ce, “To me kike so in yi miki, 'yata? Baftisma ta riga ta yi. Abin da ya rage a coci shi ne mai da kyandir da farar riga. Abin da Allah ya riga ya ji, ni ba ni da abin goge shi.”

Sannan ya tambaye ni ko na san ma'anar sunan. Na ce a gidanmu dai ma'anarsa mai datse ruwa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ajiye bokitin, ya zaunar da ni a kan dakali ya yi min bayani. Ina so ka karanta wannan a hankali, don ni tun ranar ban daina juya shi a raina ba.

Ya ce sunan ba na Sifaniyawa ba ne tun asali. Daga yaren Ibraniyawa ya fito, mutanen ƙasa mai tsarki na zamanin da, su Elisha suke cewa, ma'anarsa Allahna shi ne ceto. Wani annabi ne mai sunan, kuma ba ɗan sarki ba ne, manomi ne irinka, yana bayan shanunsa yana huɗa aka kira shi. Daga bakin Ibraniyawa sunan ya shiga bakin Girkawa, daga nan Romawa suka karɓa, kowa yana lanƙwasa shi daidai harshensa, har ya isa Sifaniya ya zama Eliseo. Can ma bai zauna ba, ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare teku, ya hau duwatsun nan namu, ya zo ya tsaya a bangon kicin ɗina kusa da inda nake rataye barkono.

Allahna shi ne ceto, Evaristo. Ka tuna yadda na ce maka yaron ya fito. Da an tara malaman duniya an ce su zaɓa masa suna a wannan rana, ban ga wanda za su samo da ya fi wannan ba. Ni da ajina uku a makaranta na sa masa shi ban ma san abin da nake faɗa ba. Da na fito daga wurin Fada ji na yi kamar in tare kowa a hanya in gaya masa, kuma na tare mutum uku.

Ka ga ke nan sunan ba na wanka ba ne. Ya girme shi, ya girmi ubanku, ya girmi rafin da kuka yi faɗa a kansa. Wanka tsintarsa ya yi a kalanda kamar kowa, ya sa shi ya yi abin da ya yi a cikinsa. Don mutum ɗaya ya ɓata abu ba za a hana jariri shi ba.

Na kuma tambayi Fada naka sunan, don kar ka ce na nuna bambanci. Ya ce na Girkawa ne, ma'anarsa mutum mai daɗin sha'ani, wanda ake jin daɗin zama da shi. Na ce Fada, don Allah ka sake dubawa.

Kada ka matsa wa Fidel. Na san ya yi maka alkawari, na kuma san yana zaune tsakaninka da ɗansa bai san inda zai sa kansa ba. Yaron nan bai ga ɗansa ba, ba shi da takardun da zai zo ya koma kamar kai, wannan kaɗai ya ishe shi. In faɗa kake so, ga ni nan, ni na zuba ruwan.

Petra tana gaishe ka, ta ce ita karantawa kawai ta yi, kar ka sa ta a ciki. Ka ci abinci sosai, ka rage taba.

Matarka mai ƙaunarka duk da halinka,
Hermelinda


El Saucillo,
3 ga Satumba, 1978

Evaristo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata aikin tsinkar tuffa bai fi ƙarfinku ba, kuma kana lura da tsani, ka san ƙafarka ba ta da ce ba. Nan masara ta yi kyau, yaron kuma ya dawo gida. Ya yi kumatu, yana bin mutum da ido, in ya buɗe maƙogwaro har gidan Petra ana ji. Cikin akwatin katakon da ka yi wa Fidel yake kwana.

Na karanta abin da ka rubuto. Ka ce ba za ka tsaya uban baftisma ba, a nemi wani, in kuma aka tilasta ka, Evaristo za ka ce a gaban Fada kowa ya ji. To saurara, don akwai abin da ya faru.

Lahadin da ta wuce ina shara a ƙofar gida sai ga wanka yana gangarowa daga tudu, da sabuwar riga, da hularsa ta zuwa coci, ya rungumo kaza a hammata. Ya tsaya a bakin shinge yana washe baki ya ce, “Matar ƙanina, na ji an yi min takwara.” Na dafa tsintsiya na ce, “Annabi aka yi wa takwara, kai a hanya aka tarar da kai.” Ya ce ai ya san za mu sauko wata rana. Na ce ba wanda ya sauko, kalanda ce, da ranar ta faɗa a kan wani waliyyin da ko tunawa da kai ba a yi ba. Ban bar shi ya ƙetare shingen ba, don gidanka ne kuma ba ka nan. Kazar dai na karɓa na yi wa Ofelia farfesu, ita ba ta datse wa kowa ruwa ba.

Ya tsufa, Evaristo. Tun da matarsa ta rasu 'ya'yansa mata suka koma Guadalajara shi kaɗai yake wanke rigarsa, kuma an ga alama. Ba na faɗa don ka ji tausayinsa ba ne. Ni ma na tsaya a gonar nan na ga barkonon ya ƙone, ni ce kuma na yi shekara ashirin ina kwana rabin shekara ba miji. Ban yafe ba, ban kuma ce ka yafe ba.

Amma kafin ya juya ya ce wani abu. Ya ce ya ji ana cewa ba za ka zo ba, to in ana neman namijin gidan da zai ɗauki yaron zuwa gaban Fada, shi a shirye yake, har ya sa an fara ɗinka farar rigar. Na ce ya riƙe rigarsa. Sai dai ka san al'ada kamar yadda na sani, jikan fari kakansa na wajen uba ke ɗaukarsa, in babu shi sai wanda ya fi kusa a jini. Uban yaro ba ya nan. In kai ma ba ka nan, duk El Saucillo sun san wa ya rage, kuma ba ni da bakin da zan hana.

In kuma ka zo ka faɗi wani suna daban a gaban jama'a, ka sani ni ka ƙaryata, ni da ruwan da na zuba. Ofelia ba za ta ce maka komai ba, tana jin kunyarka, amma da wannan sunan ta yi ta kiransa ta jikin kwalba har ya buɗe ido, ba za ta iya kiransa da wani ba.

An sa rana, Lahadi goma ga Disamba, lokacin kun gama aiki. Kalma ɗaya ake nema a bakinka. Na ga ka ɗaga buhun masara biyu a kafaɗa ɗaya, ban yarda wannan ta fi ƙarfinka ba.

Ka zo min da zaren ulu shuɗi in ka samu. Ina kewarka, ko da kake ba ni haushi.

Ni ce,
Hermelinda


El Saucillo,
12 ga Disamba, 1978

Ɗana Fidel,

Ina gaishe ka da gaisuwar uwa, da fatan kana lafiya kuma sanyin can bai taɓa maka ƙirji ba. Kana sa rigar sanyin da na saƙa maka? Wa ke dafa maka abinci yanzu da babanka ya taho? Mu duk lafiya. Ofelia za ta sa tata takardar a cikin wannan, tare da hoton, amma ta ce ni in ba ka labarin, wai ita in ta fara kuka take yi.

Ka san yadda babanka ya bar ka, bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Haka ya iso mana. Ya ajiye jaka, ya wanke hannu, ya tsaya a kan akwatin yaron ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara cewa shi ne, “Wannan ne duk ya tayar da ƙura? Ai ko ƙwayar wake bai kai ba.” Daga ranar ya zama ɗan wake. Kawo ɗan waken nan, ɗan wake ya farka, ku rufe ɗan wake iska na kaɗawa. Kullum da safe sai ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi garke yana gabatar masa da shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shanu duk suna da suna a bakinsa, jikansa ne kawai ba shi da shi. Na zuba masa ido ban ce komai ba, kuma ka san abin da shiru yake ci min.

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje. Kar ka ɗauka don ibada ne. Mutanen da rabonsu da coci tun bikin aurenka duk sun zo, kowa yana so ya ji abin da Evaristo zai ce. Babanka ya sa baƙar kwat ɗinsa, ya ɗauki yaron cikin farar rigar da Ofelia ta ɗinka, ni ina gefensa da kyandir. Da na waiga sai na hango baffanka a can bakin ƙofa, a tsaye, hula a hannu, bai shigo ba bai kuma tafi ba.

Fada Anselmo ya buɗe hannu ya tambayi sunan yaro. Babanka ya yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, ni dai na ji kakin kyandir yana ɗiga a yatsana ban iya motsawa ba. Ofelia ta sunkuyar da kai. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce a raina shi ke nan, yau zai kunyata mu. Ya kalli yaron, yaron ya kalle shi. Sai na ga leɓensa ya motsa, ya faɗi abin can ƙasa-ƙasa, ni da ke jikinsa ma da ƙyar na ji.

Fada ya ji sarai, na ga idonsa. Amma sai ya kai hannu kunne ya ce, “Don Evaristo, ka yi haƙuri, kunnen nan ya tsufa. Me ka ce?”

Fidel, ka san muryar da babanka ke kiran shanu da ita daga ƙetaren rafi. Da ita ya amsa. “Eliseo! Sunansa Eliseo, jikana ne!” Yaron ya firgita ya tsandara kuka, wata tsohuwa a baya ta ce amin da ƙarfi, Petra ta fashe da kuka kamar ita ta haife shi. Ni kuwa na miƙe wuya na kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin ina auren mutumin nan, ban taɓa alfahari da shi kamar wannan lokaci ba. Na san abin da ya haɗiye kafin kalmar ta fito.

Da aka gama muka nufo ƙofa, babanka a gaba da yaro. Hanya ɗaya ce, kuma baffanka yana bakinta. Mutane suka dare. Na ɗauka zai wuce shi kamar yadda ya saba, kai a sama. Sai ya tsaya. Bai gaishe shi ba, bai miƙa masa hannu ba, ya sa yatsa ya ɗage mayafin daga fuskar yaron ya ce, “Kalle shi da kyau. Shi zai gyara sunan da ka ɓata.”

Baffanka ya sunkuya ya kalla, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, “Allah ya taimake shi bai ɗauko kunnuwanka ba.”

Maganarsu ta farko ke nan cikin shekara ashirin, kuma duk biyun zagi ne. Muka wuce. Mun kai bakin titi, baffanka ya sa hularsa ya juya zai hau tudu shi kaɗai, sai na ji babanka ya tsaya. Ya faɗi sunan a karo na uku, wannan karon ba jaririn yake nufi ba. Ya ce, “Eliseo! Ina kuma za ka? Matar nan ta dafa abinci ya yi yawa, karnuka ba za su iya cinyewa ba.”

Ya zo. Ya zauna can ƙarshen tebur, ya ci naman akuya faranti biyu, ba su ƙara ce wa juna komai ba har ya tafi. Kar ka ɗauka sun shirya, maganar ruwa tana nan inda take, wataƙila da ita za a binne su. Ban damu ba. Ni abin da na nema na samu.

Abu ɗaya ne ya rage min daɗin ranar, rashinka. Na yi ta kallon wurin da ya kamata ka tsaya. Kada ka sa damuwa a ranka kan alkawarin da ka yi wa babanka, ya ce in gaya maka ka haifo wani, kuma ka duba kalanda kafin ka fara.

Ka rubuto wa ɗanka, ko layi biyu ne, Ofelia za ta karanta masa. Ka sa sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Eliseo ne, Allahna shi ne ceto, kuma yanzu ba wanda ke sassauta murya in zai faɗe shi a gidan nan.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo min da kai ka ɗauke shi da hannunka.

Uwarka,
Hermelinda